Bokitin Suwanyar

Ƙanena ɗan kokawa ne. A shekarun tamanin, daga Illela har Ƙonni ba a buga gangar kokawa bai shiga fili ba. A Kalmalo aka murɗe masa gwiwa, lokacin ina Abijan wajen fatauci.

Akwai wani mutum da ya buɗe ɗakin magani kusa da tasha, yana yawo da farar riga, wai shi suwanyar ne na 'yan ƙwallo a Yamai. Mutanenmu suka ji kalmar Faransanci, suka ɗauka muƙami ne sama da likita. Shi ya ɗaure ƙafar ƙanena da filasta daga cinya har idon sawu, ya hana a taɓa sai da damina ta faɗi. Ashe ƙashi bai karye ba, jijiya ce ta tsinke. Da aka fasa filastar, gwiwa ta sandare kamar taɓarya.

Na ga likitocin 'yan wasa a Alƙahira, na gan su a Faransa. Sai mutum ya gama karatun likita, ya yi shekaru yana koyon fiɗar ƙashi, sannan ya zauna ƙarƙashin wani gwanin gwiwa har a jarraba shi. Suwanyar kuwa shi ne mai rugawa fili da bokitin ruwa da soso in ɗan wasa ya faɗi.

Da na dawo, ƙanena ya ce, "Yaya, ƙyale shi, ƙaddara ce." Na ce na yarda da ƙaddara, da shi ne ban yarda ba.

Na jira kokawar kaka. Wani ɗan Lafani ya faɗi riƙe da gwiwa, suwanyar ɗin ya taso yana gyara riga. Na tare shi tsakiyar fili, na dire masa bokiti da soso.

"Alhaji, wanga fa na mi?"

"Kayan aikinka ne, mushe suwanyar," na ce, ina kiransa malam da Faransancinsa.

Na juya wajen baƙi 'yan Ƙonni. "Ku da kuka yi lakwal, kuka koyi Faransanci, mi ake nufi da suwanyar?"

"Mai bokiti!" in ji wani malamin makaranta.

Fili ya kaure da dariya, makaɗa suka sa kalmar a ganga. Ɗan Lafani a mota muka sa shi sai asibitin Sakkwato, ya kuma dawo da ƙafarsa tana lanƙwasuwa. Suwanyar ɗin kuwa bai kai kasuwa ta gaba a Illela ba, ya tattara ya gudu.

Bokitin da ya bari a fili yana gidan ƙanena, da shi yake alwala. A zaune yake salla, ƙafa a miƙe. Shi ya daɗe da yafewa. Ni ban yafe ba.