Saran da Ke Jikin Tsamiyar Baba

Da faɗuwar daminar bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba Mai Fito. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na so a ce addu'a da yabo kaɗai zan rubuta, amma abin da na gano a gonarsa makon jiya ya hana ni sukuni.

Baba ya ƙare rayuwarsa a bakin gulbin da ya ratsa Gusau ya gangara Bungudu. Idan ruwa ya cika, shi ke haye da mutane: ya ɗora kayanka a kan ƙatuwar gora, kai ka rungume ta, shi kuma yana iyo yana turawa. Yana saurayi ya taɓa bin masunta, suka bi ruwan nan har Argungu, suka zarce inda yake faɗawa Kwara. A can ya ga dorina ido da ido, ya zauna da Sarkawa masu su, ya ci naman dabbar ruwan nan ayu sau ɗaya. Mun sha wannan labari har mun haddace, mukan riga shi faɗin ƙarshensa, ya kai mana duka da hula yana dariya. Abin da ya dawo da shi daga wannan tafiya shi ne tsoron ruwa, shi da ya fi kowa iya iyo a garinmu.

Akwai wata tsohuwar tsamiya a gindin gonarsa ta fadama. Kowace shekara idan ruwa ya janye, sai ya saɓa gatari ya je ya duba inda laka ta tsaya a jikinta, ya yi sara ɗaya a wurin. Saran nasa sun yi yawa, wani kan wani, amma can sama da su duka akwai guda ɗaya, tsoho, baƙi, wanda mahaifinsa ya yi tun ba a haife mu ba. Saran Kaka muke ce masa. Dokar Baba a kansa ba ta da tsawo. “Ku yi noma, ku yi shanya,” in ji shi, “amma kar kowa shi kwana ƙasa ga saran ga.” Ni da na fara karatun boko nakan tsokane shi, in ce ruwan da ya kai can ai a zamanin Annabi Nuhu aka yi shi. Ba ya musu da ni, sai dai ya dube ni ya ci gaba da wasa gatarinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Gulbin da ya sani ba shi ba ne wannan. Kadojin da ke shan hantsi a kan duwatsu sun ɓace, tsari ma sai an dace. Kifaye irin su ragon ruwa da ƙarfasa da ake cika ƙwarya da su, yanzu masunci ya yini ya tashi da leda a ƙugiya. Motocin yashi sun yi ta kwasa har gaɓa ta fara zaftarewa, itatuwan bakin ruwa kuwa sun tafi gawayi. Da rani ka tsallake shi ba ka jiƙa ƙafa ba, da damina kuma ya zo a fusace, cikin yini ɗaya, ba sallama. Ina jin duk wannan zai girgiza kai ne kawai. Abin da ba zai yafe ba, ni na aikata shi.

Shekara uku da suka wuce ƙanwata Hauwa ta iso gidana a Tudun Wadar Gusau da 'ya'ya huɗu da ƙunshin kaya ɗaya. 'Yan bindiga ne suka tashi ƙauyen da take aure a bayan Tsafe, mijinta bai fito da rai ba. Ɗakuna biyu gare ni da iyalina, muka matsu wata shida, har Hauwa da kanta ta ce in nema mata inda za ta riƙa noma abin da za su ci. Filin da muke da shi a duniya shi ne gonar Baba. Na kai magina, na tsaya a kansu suka ɗora ɗaki biyu 'yan taku kaɗan daga tsamiyar. Na ga saran Kaka can sama da mu ranar, ba zan yi ƙarya ba. Na kawar da kai, na ce wa zuciyata shekara nawa ruwa bai kai can ba.

Makon jiya na je duba su, sai Hauwa ta ja ni gindin tsamiyar ta nuna mini wani sabon sara, ɗan siriri, na wuƙar girki. Ashe bara, da ruwa ya zo har dokin ƙofarta, bayan ya janye ta yi yadda ta ga Baba yana yi, ba ta gaya wa kowa ba. Saranta ya haye duk na Baba, ko ɗaya bai kamo shi ba. Na Kaka kaɗai ya rage a sama.

Na ce ta haɗa kaya mu koma Gusau, zan share musu zaure, za mu san yadda za mu yi. Sai ta ce, “Yaya, bindiga ta koro ni daga gida guda, yanzu ruwa shi koro ni daga wanga? Geron ga da ka gani shi na abincinmu. Bari mu yanke, sai mu taho.” Gero kuwa ko kai bai fitar ba, ruwan Agusta yana gaba. Na roƙa, na yi faɗa, daga ƙarshe ta yarda in tafi da yara uku. Ƙaramar, Nana, ta maƙale mata, ta ce ba inda za ta ba uwarta.

Baba bai bar mana gida ko shanu ba. Gorarsa ta fashe, gatarinsa ban san hannun wanda ya shiga ba. Ban da gonar, abin da ya rage nasa shi ne gargaɗin nan da ya yi ta rubutawa a jikin itace shekara da shekaru, domin 'ya'yansa, kuma ɗansa mai ilimin boko ne ya karanta ya take. Ina jin kunyarsa, ina kuma jin tsoro.

Kafin in tafi na auna tazarar da ke tsakanin saran Hauwa da na Kaka da igiyar guga. Nana tana tsaye a dokin ƙofa tana kallona, sai ta ce ita ma in auna ta. Na jingina igiyar a jikinta. Tsawon da na auna ya wuce kanta da yatsa biyu.