Gonar da Na Liƙa a Katako

A shekarar da aka shirya baje kolin zane-zane a zauren ƙaramar hukumarmu a Rabah, ni kaɗai ne malamin zane a makarantar sakandare, saboda haka ni ne gwani. Ba wanda ya yi takara da ni. Taken bikin shi ne zaman lafiya, abin da muka fi kowa iya rubutawa a ƙyalle.

Na ce ni ba fenti zan yi ba, hoton liƙe-liƙe zan haɗa, irin wanda na gani a waya. Na samo katako, na bi teloli ina tsintar ƙyallaye, na tara ɓawon albasa da yashin gulbi. Gona nake son fitarwa, sai dai duk geron da na gwada ya yi mini fari da yawa.

Lokacin Goggo, yayar mahaifina, tana zaune gidanmu. 'Yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu ta wajen Gandi, ta iso da zane biyu da tsohuwar kwalla. Wata rana ina neman almakashi a ɗakinta na buɗe kwallar, na tarar da ƙullin tsumma. Gero ne a ciki, ƙwayoyinsa ƙanana, masu duhu kamar toka ta jiƙe. Daidai launin da nake nema. Na ce a raina zan saya mata kwano guda a kasuwa, har ma ta ci riba. Ilimi ke nan.

Kwana huɗu ina jera ƙwayoyin nan layi-layi, ina yaba wa kaina.

Ranar biki babban baƙo ya makara awa uku. Ya tsaya gaban hotona, ya karkata kai yadda masana suke yi, ya ce wannan aikin ya nuna noma ya dawo yankinmu. Aka tafa. Ni ma na tafa.

Na sa an kawo Goggo ta ga ɗaukakar ɗan ƙanenta. Ta matso, ta daɗe tana duban ƙasan hoton, sannan ta kai farce ta fara ƙwaƙule geron. Wani jami'i ya ce, "Hajiya, ba a taɓawa."

Ba ta ko dube shi ba. Ni ta kalla. "Wanga hatsi, ina kas samo shi?"

Na ce cikin kwallarta, kuma zan biya ta da wanda ya fi shi kyau.

"Iri na," in ji ta. "Na gonarmu. Tun kakanka shi muka shibkawa, ba a saida shi kasuwa. Shi ɗai nif fito da shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da na tashi da tuwon gonar nan, ban iya bambanta iri da abin surfe ba.

Ta ce, "In da ƙaro kal liƙa shi, ruwa na wanke shi. Mi kas sa mai?"

Ƙaro kuwa ai na mutanen ƙauye ne. Ni gam na kanti na sa, sannan na bi shi da man ƙyalli har shafi uku, don kada ƙwari su ɓata mini fasaha. Haka na gaya mata, a gaban mutane.

Duk da haka ta ɓamɓare 'yan kaɗan. Ta jiƙa su, ta shuka a bayan ɗaki da ruwan farko. Kullum da safe sai ta je ta duƙa ta duba, har mako biyu. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Da aka maido da hoton, na ɗauke shi zan kai bayan gida in ƙona. Ta tare ni a tsakar gida.

"Ina za ka da shi? Kai min shi ɗaki, ka rataye inda ni ka ganin shi daga gado."