Bakwai Bisa Goma

Shekara talatin da biyar Malam ya yi yana duba takardun jarrabawa, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa samun ɗalibin da ya ci goma bisa goma a hannunsa ba. An yi wata yarinya da ta amsa komai daidai. Malam ya juya takardarta gaba da baya har sau uku, da ya rasa abin kamawa sai ya zaftare mata maki ɗaya saboda ta lanƙwasa kusurwar takardar. Tun daga ranar ɗalibai suka raɗa masa suna Jan Biro, sunan ya bi shi har gida, har mai kayan miya na bakin layi da shi yake kiransa in ya ba da baya.

Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka biron zai huta. Ina! Makaranta ce kawai ta huta. Biron na nan soke a aljihun gaba, duk rigunansa da ɗan jan tabo a daidai wurin, sai ya koma ba duniya maki. Wanzami ya yi masa aski, biyar bisa goma. Ruwan saman bara, shida, don ya makara kuma bai kawo uzuri ba. Mijin 'yarsa Auta, huɗu da rabi, rabin ma don yana cire takalmi tun daga ƙofa ne.

In ka cire ɗalibai, mutum ɗaya ce ta taɓa kaiwa bakwai, wato matarsa, kuma a wurin Malam wannan ba ƙaramar karramawa ba ce. Shayinta bakwai. Miyarta bakwai. Ranar da ta haifi Auta ya leƙa ɗakin asibiti, ya dubi uwa ya dubi jaririya, ya ce bakwai, saboda haihuwar ta faɗo ranar jarrabawar lissafi. Son matar nan yake kamar ransa, wannan ba a musu. Sai dai shi a ganinsa ya riga ya faɗa mata, ai ga shi nan a makin.

Abin da ya fi ƙauna a rayuwar ritaya shi ne shayin la'asar. Kujeru biyu a baranda, da ɗan tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tsohon ƙamus. Shi ya yi ta zuba labari, ita kuma tana cewa “to” da “ikon Allah” a wuraren da suka dace. Labarin sufeton da ya zo duba makaranta ya ƙare da Malam na gyara masa rubutu, ta ji shi ya fi sau ɗari, amma kullum in an zo wurin gyaran sai ta riƙe baki.

Sai Auta, wadda ba ta raina abin tayar da fitina, ta sayo wa uwarta babbar waya, ta sa mata wani gem, wato wasan gona, a ciki, wai don ta riƙa rage zaman shiru.

Cikin mako biyu gida ya canza. Malam ya ɗauko labarin sufeto, ya kawo daidai inda ake riƙe baki, ya dakata. Ya ɗaga kai, sai ya ga matarsa ta duƙufa a kan waya tana dangwale-dangwale da yatsa.

“Maman Auta, na ce sai na karɓi allin daga hannunsa.”

“Malam, dakata tukuna, shanuna na kuka.”

“Shanunki? Yaushe muka yi shanu a gidan nan?”

“Guda shida. Ga kaji, ga tumatir ya nuna. Minti ɗaya.”

Mintin nan ɗaya har shayi ya huce bai cika ba. Abin ya ci wa Malam rai ƙwarai. Bai faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya ji, tsoron cewa kujerar da ke kusa da tasa ta zama fanko alhali da mutum a kanta. Yana son matarsa ta dawo barandar nan da kunnuwanta duka biyu, kuma ya ƙudura sai ya dawo da ita.

Wani mijin da sai ya ɓoye cajar wayar, a wuce wurin. Malam ba haka yake aiki ba. Ƙa'idarsa tun yana aji ita ce ba ya kayar da ɗalibi sai ya karanta takardarsa daga farko har ƙarshe. Don haka ya sayo sabon littafin rubutu, ya sa rula ya raba shafi biyu. A hagu ya rubuta “Abin yabo”, a dama “Abin gyara”. Shirinsa ya duba gem ɗin nan duba na adalci, ya karanta mata sakamako, ita da kanta ta ji kunya ta ajiye.

Dama ta samu da Auta ta haihu. Ta bugo ta ce, “Mama, ki zo ki yi mana kwana uku, amma don Allah ki bar wayar nan a gida, in ba haka ba jaririn nan sai ya yi wayo bai san fuskarki ba.” Maman Auta ta ɗauki tsohuwar ƙaramar wayarta, ta miƙa wa Malam babbar da hannu biyu kamar mai ba da ajiyar gwal.

“In tumatir ya yi ja ka girbe. In saniya ta yi kuka ka ba ta ciyawa. Bayan wannan kada ka taɓa min komai.”

“Ni da na riƙe aji mai yara saba'in,” in ji Malam, “shanu shida ne za su gagare ni?”

Tana fita ya wanke hannu, ya saka tabarau, ya zauna. Da farko sai da ya lashi yatsa kafin ya shafa fuskar wayar, kamar yadda ya saba buɗe shafi, har sai da gilashin ya yi dama-dama. Da ya gane kan abin, biro ya fara aiki, ɓangaren dama ya soma cika. Shanun suna murmushi, shi kuwa bai taɓa ganin saniyar da ke da dalilin murmushi ba. Manomiyar da ke ciki tana noma da farar riga, ba gumi ba ciwon baya, wannan yaudarar jama'a ce. Ana tsakiyar aiki sai wani mutum ya faɗo yana tallar sabulu, kuma ba ya koruwa sai ya gama, rashin tarbiyya. Mafi muni, tumatir na nuna a minti huɗu. Malam ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, ya rubuta a gefe: “Satar amsa.”

Ɓangaren hagu ya daɗe fari fat. Da adalci ya matsa masa sai ya rubuta, “Garken ba ya wari.” Can kuma ya lura ba a yin burodi sai an shuka alkama, an girbe, an niƙa, kuma in ka tsallake mataki ɗaya abin ba ya yarda ko da kai wane ne. Wannan ya burge shi, ya rubuta, “Yana koyar da bin tsari, ya fi wasu malamai.” Yana cikin gwada ko za a iya jera kaji bisa tsawo, ya ɗaga kai ya ga rana ta karkata, bai ci abincin rana ba, ƙafarsa ɗaya ta yi sanyi. Ya rubuta a dama, “Ɓarawon lokaci ne.” Ya yi ɗan tunani, ya ƙara a hagu, “Amma ɓarawo mai ladabi.”

To, a nan ne halin Malam ya ja masa. Tumatir ya yi jawur yana ƙyalli yana jiran girbi, Malam ya ce bai san zance ba. Shi ba zai sa hannu a sakamakon da aka samu ta hanyar maguɗi ba. Tumatir na gaskiya wata uku yake yi, shi ya yi sassauci ya yanke wa wannan kwana uku, ya zauna ya nuna kamar kowa. Shanu kuwa, wadda ta fi kuka ita ya bari a ƙarshe, domin a aji ma mai ihun “Ni, Malam! Ni, Malam!” shi ake kira daga baya. Da dukansu suka ɗauki kuka tare, sai ya hukunta ajin gaba ɗaya, ya kife wayar.

Safiyar rana ta uku ya buɗe don ya yi girbi na halal. Gona ta yi ƙurmus. Tumatir ya bushe ya koma ruwan ƙasa, kaji sun juya baya, shanu shida kwance, kowace da ɗigon hawaye a ido, murmushin da ya yi ƙorafi a kansa babu shi. Maman Auta kuma da la'asar za ta dawo. Malam ya zura takalmi, ƙafa ɗaya nasa ɗaya nata, ya nufi shagon mai gyaran waya.

Mai gyaran, wani magidanci mai tabarau ɗaure da zare, ya karɓi wayar ya jujjuya.

“Baba, me ya same ta? Ruwa ta faɗa?”

“Tumatir ne ya mutu. Ka buɗe bayanta ka gyara.”

Mutumin ya danna, ya duba, ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

“Baba, waya lafiyarta ƙalau. Gonar ce ka kashe. Me ya hana ka girbi?”

“Bai kai lokaci ba.”

“Ai shi ya ce maka ya kai.”

“Ɗalibi ne zai faɗa min ya ci jarrabawa?”

Mai gyara ya ga abin ba na gardama ba ne, ya janyo masa benci. Ya ce babu wani sukurudireba da ke tayar da tumatir, sai dai a share a sake shuka, kuma wannan karon in ya yi ja a girbe ba tare da bincike ba. Malam ya zauna tsakanin matattun batura da wayoyin caja, ya ciyar da shanu ba tare da duba wadda ta fi ladabi ba, ya yi shuka, ya zuba wa agogonsa ido. Minti huɗu cif, ya runtse ido ɗaya ya girbe.

Wayar ta saki wani ɗan kiɗa. Taurari uku suka fito suna walƙiya, da rubutu ɓaro-ɓaro: “Madalla! Aikinki ya yi kyau!”

“Uku bisa nawa ke nan?” in ji Malam.

“Bisa uku, Baba.”

“Cikakken maki? A kan tumatir?”

“Kullum haka yake ba mai wayar. Duba nan sama, taurarinta sun haura dubu biyu.”

Abin kunyar shi ne Malam ya ji daɗi. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya, har ya kama kansa yana gyara zama kamar yaron da aka tafa wa. Ya sake shuka, ya sake girbi, aka sake ce masa madalla. A karo na uku ne murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya tuna shayi, ya tuna miya, ya tuna ɗakin asibiti. Shekara arba'in matar nan tana aiki a gabansa, kuma abin da ya hana ta, ga wata 'yar na'ura tana ba ta duk bayan minti huɗu. Ya yi sallama da mai gyara, ya tafi gida da takalmansa mabambanta.

Maman Auta ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta karɓi wayar.

“Wa ya jera min shanu layi-layi kamar 'yan aji?”

“Sun fi kyan gani a haka. Ya mai jego? Ya jaririn?”

“Suna lafiya. Ina kajina biyu?”

“Suna bayan rumbu, na ba su horo.”

Ta girgiza kai ta shiga kicin. Da aka kawo shayi baranda, Malam ya buɗe littafinsa ya gyara murya, ya karanta mata sakamako tun daga murmushin shanu har zuwa mai tallar sabulu da ɓarawo mai ladabi. Ita dai ido na kan waya. Abu na ƙarshe a ɓangaren hagu ya karanta shi ƙasa-ƙasa: “Ya iya cewa madalla.” Sannan ya rufe littafin, ya ɗauki kofi ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar.

“Goma bisa goma,” in ji shi.

Yatsanta ya tsaya. Ta dube shi, ta dubi kofin, ta karɓa ta ɗanɗana.

“Malam, ai na manta ban sa sukari ba.”

“Na sani.”

Daga cikin wayar wata saniya ta yi kuka, ta sake yi. Maman Auta ta kife wayar a kan tebur, ta miƙa hannu ta zare jan biron daga aljihunsa, abin da ko shugaban makaranta bai taɓa yi ba. Ta janyo littafin, ta yi rubutu a saman shafin, ta zagaye shi, ta tura masa. Bakwai bisa goma.

“Bakwai?” in ji Malam. “Kwana uku ina wahala! Ina sauran ukun?”

“Shekara arba'in nake son in yi maka wannan tambayar,” in ji ta. Ta zuba masa sukari cokali biyu, ta juya, ta gyara zama a kujerarta. “To, sai ka karɓi allin daga hannun sufeto. Daga nan sai me ya faru?”