Waƙar Mama a Cikin Sipikarsu

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani manajan cibiyar al'adu ta unguwarmu a Orozo ba.

Kafin a kawo shi, zauren cibiyar namu ne duk yammacin Alhamis. Mu matan zumunta a nan muke koyon waƙa, domin cocinmu a lokacin rumfar kwano ce, zafinta ba ya zaunuwa. Ni ce mai buga tulu. Da shi na tashi a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, kafin aikin gwamnati ya kawo ni Abuja. Shugabarmu wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, manomiyar doya, kowa Mama yake ce mata.

Manajan ya zo da sabon tsari. Ya lilliƙa hotuna a bango, wai za a riƙa koyar da kiɗa da rawar baƙaƙen fatar Kuba da Jamaika da Brazil. Ya kawo wani malamin rawa daga Kuba, dogo, baƙi kamar mu. Nan da nan motocin cikin gari suka fara cika harabar.

Wata Alhamis muka tarar kiɗa na tashi a zauren, maigadi ya tare ƙofa. Ya ce oga ya mayar da mu Talata da safe. Talata da safe, masu gona suna gona, mu muna ofis! Mama ta ja ni muka shiga wurin manajan.

"Ɗana, wa ka tambaya kafin ka ba da ranarmu?"

Na juya masa tambayar Mama zuwa Turanci. Bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Da Turanci ya amsa, ya ce nan gidan al'ada ne, ba coci ba. Na fassara mata, ban rage ko kalma ba.

Ba mu koma gida ba. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron da ke daidai tagarsu, muka ɗaga murya. Suka ƙara sipika, muka ƙara tafi. Haka muka riƙa yi duk mako. 'Yan matansu su wuce mu suna yatsina, mu bi su da tsaki.

Wata rana muna tsakiyar wata waƙa sai malamin nan ya fito ya tsaya a kanmu, waya a hannu. Waƙar ta Mama ce. Ita ta tsara ta da Hausa bayan ɗanta ya mutu a haɗarin mota kusa da Abaji, kuma ba ma yin ta sai a gidan makoki. Muna bitarta ne saboda an yi rasuwa a gidan wata 'yar zumunta. Da muka gama ya dafa ƙirji, ya ce da guntun Turancinsa daga nahiyar nan aka kwashi kakanninsa. Wasu mata suka ce ayya. Ya miƙo hannu zai taɓa tuluna, na janye abina.

Da ɗalibansa suka shirya nuna abin da suka koya, aka gayyaci unguwa. Muka sa anko muka je, don mu ga abin da aka kore mu saboda shi. Gangunansu da daɗi, wannan ba zan musa ba. Can sai aka rage fitila, sai ga muryar Mama ta fito daga sipika, da bugun tuluna a ƙarƙashi. An ƙara mata sauri, an ɗora mata ganguna da ƙaho. Maza da mata suka fito biyu-biyu, rungume da juna, suna karya ƙugu. A daidai inda Mama take kiran ɗanta ya dawo gida, wani saurayi ya ɗaga yarinya sama, siket ɗinta ya buɗe, jama'a suka ɗauki ihu da tafi.

Mama ta miƙe da sandarta ta nufi gaba tana cewa a kashe. Ba wanda ya ji ta. Na bi ta gefen bango na fizge wayar wuta daga soket. Zauren ya yi tsit.

"Wannan waƙa na yarona ne," in ji Mama, da irin Hausarta. "Ya mutu a hanya. Ku kuna rawa a kansa."

Manajan ya taso a fusace, ya manta da Turanci. "Haba Mama, ɗaukaka ku muka yi! Da a gindin mangwaro za ta ƙare!"

Hausa tsaf, kamar ɗan Jos. Ashe yana ji. Baƙon bai san abin da waƙar take faɗa ba, amma manajan ya sani, kalma bayan kalma, kuma ya bari.

Na ce, "Oga, ashe ba ka buƙatar tafinta. To ji da kunnenka: kai mugu ne."

Ya sa masu gadi suka fitar da mu. Wata mata mai gashin kanti ta ce da ƙarfi ai daman ba a gayyatar 'yan ƙauye irin wannan taro. Da 'yan'uwana ba su riƙe ni ba, da na tuɓe mata gashin a gaban kowa.

Muna bakin titi muna jiran keke sai ga malamin da gudu. Wani ya bayyana masa ma'anar waƙar. Ya durƙusa a gaban Mama, yana nuna mata yana goge waƙar da ya ɗauka daga wayarsa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Gaya masa ya tashi," ta ce da ni. "Ba ni da abin ba shi kuma."

Aka hana mu shiga harabar, har gindin mangwaron. Muka koma tsakar gidana. Malamin ya koma ƙasarsu bayan 'yan watanni. Manajan yana nan, shirinsa sai bunƙasa yake.

Mama ba ta sake rera waƙar ba, ba ta kuma bari mun rera ba. Da ta rasu bara, muka je gidanta da tuluna da caki, muka tambayi 'yarta ko mu yi mata ita. Ta girgiza kai. Muka buɗe littafin waƙoƙin coci muka zaɓi wata.