Yadda Na Kai Inna Yamai Ta Sama

Dakoro

Tun kafin kiran assalatu muka fito, ni da Inna. Ƙanwata Hadiza ce ta haihu a Yamai, haihuwar fari, kuma sai da aka yi mata aiki. A gidanmu ɗiya gida take dawowa ta yi jego a hannun uwarta, to ita kuwa likita ya hana ta doguwar mota. Tun ranar ta daina cin abinci, in an kira ta a waya sai kuka. Mijinta ya saya mana biye, wato tikitin jirgin sama, daga Maraɗi.

Inna ta ɗaure kanwa da yaji da man shanu, ta ƙara da guzurin da zai ci mutum biyar. Na ce mata tafiyar saman ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Ta ce, “Kai dai kana da baki. Yamai ɗin?”

Wajen Kornaka jandarma ya tsaida mu, ya leƙo ya ga kayan. “Hajiya, ƙaura za a yi?” Ta ce jika aka yi mata. Ya ce Allah ya raya, ya ɗaga mana hannu.

Maraɗi

Hantsi ya yi muka isa filin jirgi. Ma'aikaciya ta ce man shanu ba ya shiga a hannu, sai cikin kaya. Inna ta riƙe kwalbar gam. “Ɗiyata, na maijego ne fa.” Yarinyar ta naɗe shi da kanta cikin zane, ta cusa tsakiyar jaka, Inna na sa mata albarka.

A sama

Da jirgi ya ɗaga ta damƙe hannuna har na ji zafi. Rabon da ta riƙe ni haka tun ina yaro, sai na ji tausayinta ya cika ni. Kilomita ɗari biyar da wani abu ne ta sama, amma Inna da garuruwa take auna hanya: sai an ci abinci a Ƙwanni, a yi salla a Dogon Dutsi, a gaji tiɓis a Doso, sannan a fara zancen Yamai. Ba ta ma kwance guzurin ba jirgi ya soma sauka.

Ta dafa ƙirji. “Mi ya faru? Ya lalace ko? Wayyo Hadiza, yau ma ba ni ganin ki.”

“Inna, mun iso.”

“Ba mu ko wuce Ƙwanni ba!”

Na nuna mata kogi ta taga. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba.

Yamai

Hadiza na kwance fuskarta ga bango lokacin da muka shiga. Inna ba ta ko nemi jaririn ba tukuna. Ta zauna bakin gado, ta ɗora kan Hadiza a cinyarta, ta ce, “Yi shiru, ga ni.” Kafin la'asar ta dama kunun kanwa, Hadiza ta shanye kwano guda.

Gida

Bayan suna na dawo ni kaɗai a mota, wuni cur da rabin dare. Na tarar da Baba zaune ƙofar gida yana jira. Bai tambayi jirgi ba. “Tana cin abinci?” Na ce har tana neman ƙari. Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Allah, mun gode maka.” Ni ma na gode.