Tokar Kudu

Kwanan baya ɗiyata ta dawo hutu daga makaranta, ta same ni zaune a ƙofar gida nan Tambuwal, ta miƙo mini wayarta. Hoton wani abu ne fari-fari a cikin baƙin sama, ba zagaye ba, ba dogo ba, kamar an watsar da toka. Ta ce ƙaramin gungun taurari ne, maƙwabcin babban gungun da duniyarmu take ciki, kuma ba shi da takamaimiyar siffa. Ta ce daga ƙasarmu da ƙyar ake hango shi, can ƙasa-ƙasa ta kudu. Ban bari ta ƙarasa ba. Na san abin nan tun ban iya ɗaure zariyar wandona ba. A gidanmu Tokar Kudu ake ce masa, kuma kakana ne ya raɗa masa sunan.

Ƙauyenmu yana can ƙasar Kebbe. Kakana manomi ne kamar kowa, da 'yan shanunsa, amma abin da aka san shi da shi ido ne. Shi ne mai duban wata. Duk ranar da ake sa ran tsayuwar watan azumi ko na salla, da an idar da magariba dattawa za su bi shi zuwa tudun da ke bayan rumbuna. In ya ce ya gani, mai gari zai tashi ɗan aike a kai labari gaba, mata su fara jiƙa gero. In ya ce bai gani ba, kowa ya koma gida. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya san da haka, har tafiyarsa takan canza a irin wannan yammaci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shi ma yana da mai duba shi. Kowace shekara, idan damina ta ja baya, ruwa ya wanke sama tas, aka fara yankan gero, yakan zaɓi kwanakin da babu farin wata da asuba. Sai ya tashe ni kafin ladan ya yi kiran farko, ya ce in taso, malalacin abokin kishi, don kullum zargina yake da son ƙwace masa kakata. Mu bi ta tsakanin damman gero, raɓa tana jiƙa mana ƙafa, ƙamshin ɗanyen kara ya cika ko'ina. A kan tudun sai ya juya kudu, ya nemi wata giginya da ke tsaye ita kaɗai can nesa. A samanta kaɗan abin yake. Ba tauraro ba ne, ba ya ƙyalli, ba kuma gajimare ba ne, don ba ya gushewa da iska. Ya koya mini kada in zuba masa ido kai tsaye, in dubi gefensa kaɗan, sai ya fito.

Ya ce babu abin da ya fi wannan tabo dishi-dishi a duk sama. Idon da ya iya kamo shi, ya isa ya ba da shaidar jinjirin wata a shekarar. Da ya gan shi sai ya yi hamdala, mu sauko mu yi alwala. Ni a lokacin wasa na ɗauki abin, da sanyin da ake tilasta mini sha.

Akwai shekarar da muka hau tudun ya daɗe tsaye. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya goge ido da hannun riga. Sannan ya tambaye ni a hankali:

"Kai, mi kaka gani bisa giginyar can?"

Na ce ga shi nan, Kaka, inda yake kullum. Ya ce to. Bai tsokane ni ba a hanyar dawowa, kuma wannan ne ya fara ba ni tsoro.

Washegari muka koma, da jibi, har farin wata ya kai ga asuba ya rufe mana dama. Kakata ta nemo masa kwalli mai kyau, ta hana shi zama kusa da hayaƙin murhu. Ƙanensa ya ce wannan ai ɗora wa kai wahala ne, mutumin da yake gane saniyarsa daga hayin fadama wa zai ce masa ba ya gani? Ya ƙara da cewa ba a littafi aka rubuta sai an ga wata toka kafin a ga wata ba. Kakana ya amsa cewa gaskiya ne, ba a rubuta ba, amma shi da kansa ya ɗora wa idonsa wannan ma'auni tun yana saurayi, lokacin da ma'aunin yake ba shi gaskiya. Ba zai jefar da shi ba don yau ya juya masa baya.

Da watan azumi ya gabato, dattawa suka zo kamar yadda suka saba. Ya bi su, amma a baya ya tsaya. Yamma ta yi ja, akwai siririn gajimare, kowa ya yi ta lalube bai samu ba. Na ga kakana ya kafe ido wuri guda, leɓensa yana motsi. Mai gari ma ya lura, ya matso ya ce, "Malam, ka gane shi? Kalma guda muka jira."

Kakana ya ce, "Awa na ga wani abu. Amma ba ni ɗaukar azumin gari bisa 'awa'. Ku nemi wani, ni na aje." A bakin mutanenmu na can, 'awa' ita ce 'kamar'.

Aka watse ba shaida. Sai can bayan isha labari ya iso cewa an ga wata a wasu garuruwa, mata suka tashi daka a gurguje, ana ta gunaguni. Wasu suka ce ashe tsohon ya gani, taurin kai ne kawai ya hana shi faɗa. Mai yiwuwa ya gani ɗin. Amma daga wannan shekara ba a ƙara taruwa a zaurenmu ranar duban wata ba, kuma na ga yadda abin ya ci shi. Yakan zauna da tasbaha yana jin takun mutane suna wucewa zuwa tudu ba tare da shi ba. Har ya rasu bai ƙara hawa can da magariba ba. Na ji haushinsa a lokacin, don ni ma ina cin albarkacin girmansa cikin yara. Tausayinsa sai daga baya ya zo mini.

Ni direba na zama. Shekara da shekaru ina sammakon ɗaukar 'yan kasuwa tsakanin Tambuwal da Kebbe, tun duhu bai yaye ba. A 'yan shekarun nan fitilar motar da ke tahowa takan watse mini a ido, nakan ce gilashin mota ne ya tsufa.

Da aka fara yankan gero bana, na ɗauki ɗiyata muka je ƙauye, muka hau tudun kafin kiran salla. Giginyar tana nan. An kafa fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar masallaci, tana haska rabin gari. Na duba kai tsaye, na duba gefe, ban ga komai ba sai baƙi. Na ji sanyi a raina da na sami abin ɗora wa laifi, na ce mata zamani ya ɓata sama, wannan fitila ta cinye shi.

Ta ce, "Baba, ga shi can fa. Bisa giginyar."

Ranar kasuwa ta zagayo, na je tasha da asuba na miƙa wa ƙanena mabuɗin mota. Abokan aiki suka yi ta mamaki, suka ce ai ko ido rufe na san ramukan hanyar nan. Na dubi fasinjojin da suka riga suka shiga, wata mata har ta jingina kai ta fara gyangyaɗi da jariri a cinya. Na ce wa abokan aikin, kamar dai ina gani, amma ba zan ɗauki mutanen nan a kan 'kamar' ba.