Kiwon Kalma a Aji Ɗaya

Malamarmu ta Turanci a ƙaramar sakandare ta Jibiya 'yar ƙauyen Riƙo ce, guntuwa, mai son awaki har muna cewa ta fi sanin halinsu a kan namu. Ba ta yarda da haddar kalmomi ba. Ran Litinin sai ta ba kowa kalma ɗaya ta ce ga akuyarsa, ya je ya yi kiwo. Kiwon shi ne ka yi ta faɗinta a gida da hanya, ka nemo mata 'yan uwa. Wanda aka ba "road", ran Juma'a sai ya zo da direba da taya da kwalta, duk da Turanci. Wanda ya manta tasa kuwa, malama ta sa aji ya yi masa ta'aziyyar akuya. Mun fi tsoron wannan gaisuwa a kan bulala.

Ana nan sai aka kawo mana wata doguwar yarinya daga Maraɗi. Babanta direban babbar mota ne da ya tare a Magama, nan kusa da mu. Ta yi lakwal, wato makarantar Faransanci, lissafi kamar ruwa, amma Turanci ko "come" babu. Shugaban makaranta ya ce in zango ya ƙare ba ta iya magana ba, firamare za ta koma. Babanta kuma ya ce da ya ga 'yarsa cikin ƙananan yara, gara ya mai da ita Maraɗi wajen kakarta. Ita kuwa karatun take so.

Malama ba ta ƙara mata darasi ba. Tambayarmu ta yi, in maƙwabciya ba ta da dabba, me ake yi a garinmu? Muka ce a ba ta kiwo. Ta ce to, kowa ya ba baƙuwa tasa. Daga ranar yarinyar nan ba ta ƙara tafiya gida ita kaɗai ba. Muna biye da ita har bakin tasha, kowa na cusa mata kalmarsa yana nuna abin da yatsa. Ni "bridge" na ba ta, wato gada, na kuma dame ta da ita har ta fara hararata.

Ranar gwaji shugaba ya shigo ajinmu, ya ce ta ba shi labarin zuwanta daga Maraɗi. Ta fara. Sai muka riƙa jin awakinmu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya: shinge, jami'in kwastan, buhu, rana. Da ta iso gada, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Da ta gama, shugaba ya ce ta zauna, nan ne ajinta. Malama ta juya ga allo tana goge abin da babu, mun dai ga idonta ya kawo ruwa.

Da ya fita, malama ta tuna mata cewa a ƙa'idar kiwo, haihuwar fari ta mai akuya ce. Yarinyar ta bi mu benci benci tana ba kowa kalmarsa da Faransanci. Da ta zo kaina ta ce, "Ga ɗiyar akuyakka, ka riƙe ta da kyau."

"Pont" ce. Har yau ita kaɗai ce Faransancina, kuma ban bar ta ta mutu ba.